Cikina Ke Ciwo, Likita Ya Rubuta Mini Maganin Damuwa

Assalamu alaikum Yaya. Shekarata 39, ina zaune a Aboabo nan Kumasi, ina sayar da atamfa da mayafai a kasuwar Kejetia. Shekara biyu ke nan ina fama da zafi a ƙahon zuciya, kamar an ajiye mini garwashi. Wata rana in na sayi waakye, loma huɗu biyar sai in ji na cika dam, sai gyatsa. Na sha maganin olsa har na gaji. An zura mini robar nan mai kyamara ta baki, aka ce babu gyambo, cikina lafiya lau. Wancan watan likita ya rubuta mini wata 'yar ƙwaya, a jikin kwalin an rubuta Amitriptyline 10mg, ya ce in riƙa shan ɗaya da dare. Da na zo gida 'yata ta karanta takardar da ke ciki, ta ce maganin masu ciwon damuwa ne. Magana ta kai kunnen surukata, ta ce ai likita ya gano a kaina ciwon yake, saura a kai ni asibitin masu taɓin hankali na Ankaful. Wata maƙwabciyata a kasuwa kuma ta ce wani sinadari ne wai shi serotonin ya yi mini ƙaranci, tana da maganin da ke ƙara shi, sai dai da tsada. Har yau ban sha ko ɗaya ba, kwalin na ƙasan akwati. Yaya, taɓin hankali gare ni ban sani ba? In na fara sha, zan iya rabuwa da shi?

Ƙanwarki a Aboabo

Wa alaikumus salam ƙanwata. Sannu da jiki, Allah ya kawo sauƙi.

Bari in fara cire miki ƙayar da ta fi damun ki. Likitan nan bai ce kina da taɓin hankali ba, ƙwayar da ya rubuta ma ba ta ce haka ba. Inda ya gaza, bai zaunar da ke ya yi miki bayanin minti biyar ba, ya bari kika je kika ji a bakin takarda. Na san yadda layi yake a asibitocinmu, na san kafin azahar likita ya ga mutane har kansa na juyawa. Duk da haka wannan ba irin maganin da ake miƙa wa mace a ce "sha da dare" a kira na gaba ba ne. Da ya yi bayani, da yanzu kin yi wata guda kina sha, da mun fara ganin ko zai karɓe ki.

Ciwon naki yana da suna. Likitoci na ce masa disfefsiya marar gyambo, wato ciwon saman ciki da aka leƙa da kyamara ba a ga abin da ya kawo shi ba. Ƙa'idojin da ƙwararru ke bi wajen gane shi, waɗanda ake kira ƙa'idojin Rum, an sabunta su a 2016, kuma alamomi huɗu suka lissafa: zafi a ƙahon zuciya, ciwo a wurin, saurin ƙoshi, da jin ciki ya yi nauyi bayan ɗan abinci kaɗan. Sai abin ya kai wata shida da farawa ake ba shi wannan suna. Ke kin kawo uku cikin huɗun a wasiƙarki, shekara biyu kuma. Cikin masu irin wannan kuka da ake zura wa kyamara, mafi yawansu haka ake ce musu, ba a ga komai ba. Saboda haka kina da 'yan'uwa da yawa, a layin shagonku ma in kika bincika ba za ki rasa ba.

Kalmar "ba a ga komai ba" ita ke ɓata wa mutane rai, don kunne na jin ta kamar an ce ƙarya kike yi. Kin taɓa ƙonewa da man ƙosai? Bayan mako uku fatar ta warke ta yi sumul, mai dubawa ba zai ga komai ba sai ɗan haske a wurin. Amma ki tsoma hannun a ruwan ɗumin da kowa ke alwala da shi lafiya, ke sai ki zabura. Ruwan dai shi ne na kullum, jijiyar wurin ce ta koma mai saurin kuka. Haka tumbinki yake. Ruwan tsamin da ke narka abinci, da ɗan buɗewar da tumbi ke yi in abinci ya shiga, ga wasu ko a jikinsu, ke kuwa jijiyarki na kai rahotonsu sama a matsayin garwashi. A wasu kuma saman tumbin ne ba ya sakin jiki ya ba abinci wuri yadda ya kamata, shi ya sa loma biyar ta waakye ke zama kamar an ci tuwon biki. Kyamara fata take gani, ba ta ganin halin jijiya.

Jijiyoyin nan kuwa ba kaɗan ba ne. A bangon tumbi da hanji akwai ƙwayoyin jijiya fiye da miliyan 100. Akwai kuma wata doguwar jijiya da ta sauko daga ƙasan ƙwaƙwalwa ta bi wuya ta ratsa ƙirji har ciki, kuma mafi yawan saƙon da take ɗauka daga ciki yake hawa zuwa kai. Mu Hausawa mun san da wannan zumunci tun kafin a ƙera kyamara. In mutum ya tsorata cewa muke cikinsa ya ɗuri ruwa. In aka ji mugun labari sai a ce hantar cikina ta kaɗa. Babu wanda ya taɓa jin haka ya ce mai maganar ya haukace.

To, mu zo kan serotonin, tunda a kansa ake neman raba ki da kuɗin adashenki.

Maƙwabciyarki ta tsinci guntun gaskiya ne ta ɗinka masa riga. Serotonin sinadari ne da jijiyoyi ke aika saƙo da shi. An fi jin sunansa a zancen ciwon damuwa, amma fiye da kashi 90 cikin 100 na wanda ke jikin mutum a hanji ake yin sa. A hanji ma aka fara gano shi. Wani masani ɗan Italiya, Vittorio Erspamer, shi ya tsamo shi daga bangon hanji a shekarun 1930, ya raɗa masa suna da kalmar hanji. A 1948 wasu masu bincike a Cleveland ta Amurka suka same shi a cikin jini suka sa masa sunan da muke kira yau, sai a 1953 aka tabbatar da shi a ƙwaƙwalwa. Aikinsa a ciki shi ne ya motsa hanji ya tura abinci gaba, ya sa a zubo ruwan narkewa, ya kuma sanar da kai in an ci abin da bai dace ba. Na hanji daban, na ƙwaƙwalwa daban, akwai shinge tsakaninsu, na ƙasa ba ya tsallakawa sama.

Ki tambaye ta cikin raha, da wane mudu ta auna naki ta ga ya ragu? Babu gwajin jinin serotonin da likitoci ke amfani da shi su gane wannan ciwo, ko su gane ciwon damuwa. Kuma yawansa a ciki ba alheri ba ne kai tsaye. In ya yi yawa a hanji, tashin zuciya yake kawowa da amai da gudawa. Maganin aman da ake ba masu jinyar kansa, ondansetiron, aikinsa toshe wa serotonin ƙofa ne. Su kuma sababbin magungunan damuwa da ke ƙara ƙarfin serotonin shi kaɗai, abin da masu shan su suka fi kuka da shi a makon farko shi ne tashin zuciya.

Ga abin da ya fi ƙarfafa mini gwiwa a kan ƙwayar da ke akwatinki. A 2015 aka fitar da sakamakon wani gwaji da Farfesa Nicholas Talley ya jagoranta a cibiyoyi 8 na Arewacin Amurka. Mutum 292 masu irin ciwonki aka kasa uku. Kashi ɗaya aka ba su amitiriftilin miligiram 50, kashi ɗaya esitalofiram miligiram 10, wanda yake cikin sababbin nan masu aiki a kan serotonin kaɗai, kashi na uku kuma ƙwayar bogi da babu magani a cikinta, har mako 10, ba wanda ya san wadda yake sha. Waɗanda suka ce sun sami sauƙi mai gamsarwa: kashi 53 cikin 100 a masu amitiriftilin, 40 a masu ƙwayar bogi, 38 a masu esitalofiram. Ki duba na ƙarshen nan da kyau. Maganin da ba shi da wani aiki sai ƙara serotonin bai fi ƙwayar bogi ba. Da ƙarancin serotonin ne tushen ciwon, ai da shi zai zo na ɗaya. Wanda ya ɗan yi gaba shi ne tsohon magani mai araha, wanda ake amfani da shi tun farkon shekarun 1960. Shi ma yana taɓa serotonin, amma yana haɗawa da wani sinadarin, noradirenalin, kuma a kan hanyoyin da ƙwaƙwalwa da lakar baya ke bi su danne saƙon ciwo yake aiki. A gwajin nan bai canja saurin da abinci ke barin tumbi ba. Kukan jijiyar ya rage.

Ba zan yi miki daɗin baki ba, 53 da 40 ba tazarar a buga ganga ba ce. Kusan rabin masu shan sa ba su gamsu ba. Sai dai da aka ware waɗanda babban kukansu zafi ne da ciwo a ƙahon zuciya, wajen biyu cikin uku na masu amitiriftilin sun ji sauƙi, kuma da garwashi kika buɗe wasiƙarki. A Hong Kong ma an gwada ɗan'uwansa imifiramin a kan waɗanda maganin olsa bai yi musu ba, sakamakon da ya fito a 2018 ya nuna ya fi ƙwayar bogi. Shi ya sa ƙungiyoyin likitocin ciki na Amurka da Kanada, a jagorar da suka fitar a 2017, suka jera matakan haka: a nemi wata ƙwayar cutar ciki mai suna helikobakta a kashe ta, a gwada maganin rage tsami, in bai yi ba a zo kan dangin amitiriftilin. Likitanki a kan turba yake.

In kuma saurin ƙoshin ne ya fi addabar ki, har zanen da kike ɗaurawa ya fara yi miki yawa, ki faɗa masa ƙarara. Akwai wani, mirtazafin, da aka gwada a Leuven ta Beljiyam a kan mutum 34 masu wannan ciwo da rama, miligiram 15 na mako 8, ya rage musu saurin ƙoshi suka kuma yi ƙiba. Gwajin ƙarami ne, amma likita zai san ko ke ce irin wadda ya dace da ita.

Takardar da 'yarki ta karanta gaskiya ta faɗa, don ciwon damuwa aka fara yin maganin. Amma mai ciwon damuwa miligiram 75 zuwa 150 ake kai shi a rana. Ke 10 aka ba ki, kuma don ciki ba a cika wuce 50 ba. Wannan 'yar mitsitsiyar ba ta isa ta yi maganin damuwa ba ko da akwai ta. Magani ɗaya kan yi aiki biyu gwargwadon awo. Asfirin na ciwon kai ne, amma ƙaraminsa ake ba masu ciwon zuciya kullum don kada jini ya daskare. Amitiriftilin ɗin nan shi ake ba masu ciwon suga da tafin ƙafarsu ke zafi da dare, da masu ciwon ɓarin kai. Ba mamaki cikin sa'o'in surukarki akwai mai haɗiyar sa kowane dare ba ta san sunansa ba.

Kafin ki ɓare kwalin, abu biyu nake so ki koma ki tabbatar, don wasiƙarki ba ta ambace su ba.

Na farko, an gwada ki ƙwayar cutar helikobakta? Ita ce wadda likitocin Ostareliya biyu, Barry Marshall da Robin Warren, suka gano tana haddasa gyambon ciki, har aka ba su kyautar Nobel a 2005. Tana da yawa ƙwarai a Ghana, kuma tana iya kawo irin zafin nan ko babu gyambo. Ana ganin ta a gwajin bayan gida. Amma ga tarkon da mutane da yawa ke faɗawa: in kina kan maganin olsa irin omifirazol ko danginsa, gwajin na iya cewa babu alhali akwai. Sai an yi mako biyu ba a sha ba ake gwadawa, in kuma an sha maganin kashe ƙwayoyin cuta, mako huɗu. In an gwada ki kina tsakiyar shan maganin olsa, ki gaya wa likita a sake.

Na biyu, me kike sha in baya ko gwiwa sun ƙage? Na san zaman shago, daga safe har la'asar a kan 'yar kujera, ana miƙewa ana sauko da turmin atamfa daga sama ana mayarwa. Da yamma sai a aiki yaro kemis ya karɓo dikilofenak ko ibufurofen, a kora da ruwan leda, ciki babu komai. Waɗannan suna cin bangon tumbi. Mai shan su kullum, duk maganin da za a ba shi ɗibar ruwa da kwando ne.

Sannan ki sanar da likita in kina da ciwon zuciya, ko farfaɗiya, ko hawan ruwan ido da ake kira gilakoma, ko kina da juna biyu, ko kina shayarwa, ko kina neman haihuwa. In babu ko ɗaya, kuma ya ce ki ci gaba, ni shawarata ki sha.

Ki fara a daren da gobe ba za ki buɗe shago ba. Yana sa barci, kuma a kwanakin farko nauyin barcin kan bi mutum har safiya. Ki sha shi da an idar da isha'i, awa biyu kafin ki kwanta, don kada asuba ta wuce ki. Baki zai riƙa bushewa, ki ajiye ruwa kusa. Bayan gida na iya yin tauri, sai ki yawaita miyar ayoyo da kuɓewa da gwanda. In za ki tashi daga kwance ki fara zama tukuna, don jiri. Yawancin waɗannan na lafawa bayan mako ɗaya ko biyu. Sauƙin cikin kuwa ba ya zuwa da wuri, yakan ɗauki mako biyu zuwa huɗu kafin a fara jin bambanci, wani lokaci sai likita ya ɗan ƙara awon. Kada ki yanke masa hukunci kafin wata biyu. In bugun zuciya ya rikice, ko fitsari ya ƙi fita, ko wani baƙin tunani na cutar da kanki ya fara zuwa miki, wannan ba na jira ba ne, asibiti a ranar.

Za ki iya rabuwa da shi. Ba ya bugarwa, ba ya sa mutum ƙishirwarsa yadda tiramol ke yi wa samarinmu a zango. In ya karɓe ki, akan ci gaba wata shida zuwa shekara, sannan a janye a hankali. Abin da ba a so shi ne yankewa rana ɗaya, don jiki kan yi ƙorafi da ciwon kai da tashin zuciya da rashin barci na 'yan kwanaki.

Tunda na ambaci tiramol: kada ki haɗa su, ko likitan wani wuri ne ya rubuta miki shi don ciwon baya, sai ya san kina kan wannan. Haɗuwarsu na iya kawo jijjiga, ko serotonin ya yi yawa a jiki har a shiga rawar ɗari da gumi da zazzaɓi da ruɗewa. Kin ga inda maganin maƙwabciyarki zai iya kai ki in da gaske yana yin abin da ta ce. Haka nan ruwan ɗacin nan na kwalba da ake tallarsa da lasifika a bakin tasha, da yawansu da giya ake jiƙa su, su ƙara miki barci su kuma ƙone cikin da kike lallashi. Sai kuma yara. Ƙwayoyi kaɗan na wannan magani na iya halaka ƙaramin yaro, gidajenmu kuwa na haya ne, ɗan wannan ɗaki a wancan yake wuni. Ƙasan akwatin da kika ɓoye shi don kunya nan ne daidai wurinsa, ki dai ƙara masa kwaɗo.

Abinci ba zan jera miki haram da halal ba, don na ga mata sun bi irin wannan jeri har sun koma farin koko da burodi, suka rame a banza. Maiƙo shi ya fi tayar da ciwon nan ga yawancin mutane, sai yaji ga wasu. Ki ce wa mai waakye ta rage shito da mai, ki raba kwanon biyu, rabi da hantsi rabi da azahar. Ki lura da kanki bayan ataya da goro da kokon da ya ji citta da barkono, wanda ya tayar miki ki rage shi, wanda bai taɓa ki ba ki ci abinki. Al'adar kasuwa ta wuni da yunwa sannan a danƙara tuwon zafi ƙarfe tara a kwanta, ita ce ta fi kowane yaji illa. Azumi kuwa maganin bai hana ba tunda na dare ne.

In kika ga aman jini, ko bayan gida baƙi kamar kwalta, ko abinci na tsayawa a maƙogwaro, ko amai ba ƙaƙƙautawa, ko rama ba dalili, kada ki ce ai an riga an leƙa. A koma a sake dubawa, ko a asibitin Komfo Anokye ko inda aka yi miki na farko.

Akwai tambayar da zan yi miki a matsayin yayarki, ba sai kin ba ni amsa ba. Shekara biyun nan da suka wuce, me ya faru? Wasu ciwon kan fara musu bayan wata muguwar gudawa da amai, jijiyar hanji ta kasa komawa daidai. Wasu kuma bayan rasuwa, ko bashin kaya, ko wani abu a cikin gida da ba ya faɗuwa. Damuwa na hura wa ciwon nan wuta, shi ma ciwon in ya daɗe yana haifar da damuwa, har a rasa wanda ya riga wani. In kin san barci ya ƙaurace miki, kina kuka ke kaɗai, abin da da yake faranta miki ya daina, ki faɗa wa likita wannan ma, don miligiram 10 ba zai ɗauke shi ba, kulawarsa daban ce. Kuma ko da hakan ne, ciwon damuwa ciwo ne kamar hawan jini. Masu zuwa Ankaful da Pantang ma 'ya'yan mutane ne da suka je neman lafiya, bai kamata sunan wurin ya zama abin gori a bakinmu ba.

Surukarki uwa ce, kada ki tsaya musu da ita. Ki samu maigidanki ku biyu ki yi masa bayanin ƙunar man ƙosai, shi ya san yadda zai kai wa mahaifiyarsa. In ta sake tambaya, ki ce maganin jijiyar ciki ne Mma, kin kuwa faɗi gaskiya. 'Yarki kuma ki gode mata da ta karanta takardar, sannan ki nuna mata cewa abin da ke cikin kwalin maganin uwa a ɗaki yake tsayawa. Ranar komawa asibiti ki tafi da ita, da kwalin, da duk wani magani da kike sha har na gargajiya, a leda ɗaya. Ki sa ta rubuta miki tambayoyinki a takarda tun daga gida, don na san halinmu, muna shiga gaban likita sai kai ya ɗauke, mu fito da "to, na gode" kawai.

Bayan wata biyu ki sake rubuto mini, ki faɗa mini loma nawa kike kaiwa yanzu.

Yayarki